Giɓin da na bari a sahun Juma'a

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara gardama da matakala ba, na yi zaman shekara shida a Guangzhou. Kafin nan na zauna a Jidda da Faris, na yi Istanbul da Dubai, har na taɓa cin damina guda a Johannesburg. Duk inda na sauka sai na tsinci harshen mutanen wurin, ko da rabi ne. Larabci da Turanci da Faransanci na riƙe su sosai. Sinancina kuwa na kasuwa ne, irin wanda zai sa a rage maka farashi sannan a yi maka dariya bayan ka juya baya. Amma a cikin mutanenmu na unguwar Xiaobei wannan ɗan abin ya isa a riƙa kirana Alhaji mai harsuna, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamaci dattijo. Ku riƙe wannan, don daga nan abin ya faro.

Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu, ina raka 'yan kasuwarmu masana'antu ina yi musu tafinta. A nan na san abokina. Ɗan Kano ne, na girme shi da kusan shekara ashirin, yana sayen kayan sawa na yara a kasuwar Shahe yana aika wa masu shaguna a gida. Da ya zo ƙasar a hannuna ya sauka, ya yi wata huɗu a ɗakina. Mutum ne mai sanyin magana, mai tsabta har ta yi yawa. Shekarar da aka yi mini aikin tsakuwar ƙoda, shi ya yi jinyata. A asibitocin can ba ma'aikata ke kawo maka abinci ko su juya ka ba, naka ne zai yi. Kwana goma sha ɗaya yana kawo mini kunu a fulas, yana zubar da fitsarina, yana yi mini alwala. Da na warke na rasa abin da zan ba shi, sai na cire wata rigar fata ruwan ƙasa da na saya a Istanbul na ɗora masa a kafaɗa.

Ya taɓa aure a Kano, auren bai daɗe ba, ya bar 'ya ɗaya a wurin mahaifiyarsa. Bai sake ba. In an tsokane shi da zancen ya auri Basiniya sai ya yi murmushi ya ce sandunan cin abincinsu ne suka gagare shi. Akwai kuma wani Basine dogo mai tabarau, mai yanka samfur a wata masana'antar ɗinki, wanda kusan kullum suna tare. Mu dai laoban ɗinsa muke ce masa, wato ubangidansa na ciniki. Ni na tsufa, na ga duniya, na lura da yadda yake zuba wa mutumin nan shayi. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. A tarbiyyar da muka taso cikinta, abin da ba a furta ba ana iya zama da shi shekara da shekaru.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing ta yi mana tsanani. Tun kafin wasannin aka ƙuntata biza, 'yan sanda suka riƙa tare baƙar fata a bakin gadar unguwarmu suna neman fasfo. Da yawa sun koma gida. Waɗanda suka rage, mafi yawansu suna da irin bizar da dole ka fita ƙasar lokaci lokaci a buga maka hatimi ka dawo. Saboda haka zuwa Hong Kong ya zama kamar zuwa cefane: ka hau jirgin ƙasa da safe, ka dawo da yamma ko washegari.

Akwai wata ɗabi'a ta 'yan kasuwarmu da ya kamata ku sani. Ɗan kasuwa ba ya tafiya sai da ƙaramar kyamara a aljihu, kuma ba gini ko teku yake ɗauka ba. Kaya yake ɗauka. Ya ga takalmi a ƙafar wani, ya ga labule a tagar otal, sai ya ɗauka ya kai masana'anta ya ce a yi masa irinsa kwantena guda. Wani ɗan Maraɗi mai sayen laima da gyale, mutumin kirki, ya je Hong Kong buga hatimi a ƙarshen wannan shekarar, ya dawo da kyamara cike.

Ranar Litinin da azahar muna cin tuwo a gidan wata mata 'yar Mali da ke dafa mana abinci a hawa na tara na wani bene, mutum biyar biyar a tire. Abokina ba ya nan, ya tafi Shahe. Ɗan Maraɗi ya fito da kyamararsa da hannun hagu.

"Ku ga laima," ya ce. "Launi shida cikin laima guda. In na kai wagga Maraɗi kafin damina, mata faɗa za su yi a kanta."

Aka miƙa ta hannu zuwa hannu. Jama'a ne a titi, da laima da tutoci masu launin bakan gizo, wasu riƙe da kwalaye. Wani Bakano mai sayen wayoyi ya ce, "Wannan wane biki ne? Sallarsu ce?"

"Mi na sani? Na fito tasha na iske su. Ni laima na gani."

"A ba Alhaji mai harsuna ya karanta mana kwalayen."

Na wanke hannu, na sa tabarau, na gyara zama. Da na ce ban gane rubutun ba, da an ci tuwo an watse. Amma ni ne mai harsuna. Na karanta musu na Turancin ɗaya bayan ɗaya: daidaito a gaban doka, a daina korar mutum daga aiki saboda wanda yake so. Sannan na buɗe darasi. Na ce wannan macin masu neman jinsinsu ne, 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo. Na ce na ga irinsa a Faris, da manyan motoci da kiɗa, har ya sa na rasa jirgin ƙasa. Na ga na Istanbul, inda 'yan sanda suka kusa fin masu macin yawa. Na ce a nan Guangzhou ba za ku gani ba, don a nan ba a maci kan komai, sai dai su taru a wani lambu a kore su. Har na kawo musu tarihin 'yan daudun da muka taso muna sayen abinci a wurinsu a tashoshin Kano, muna raha da su, kafin a tarwatsa su. Ina magana ina jin daɗin muryata.

Wuri ya kaure da a'uzubillahi da dariya. Mai wayoyi ya dafa ɗan Maraɗi ya ce, "Saura ƙiris ka rufe garinku kaf da laimar 'yan luwaɗi, Malam." Kyamara ta sake zagayawa, amma yanzu ba laima ake kallo ba. Fuskoki ake kallo, ana ƙara girmansu ana dariya.

Sai dariyar ta tsaya a gefe ɗaya na tiren. Mai wayoyi ya miƙo mini kyamarar ya ce, "Alhaji, wannan ba rigarka ba ce?"

Rigata ce. Abokina ne a gefen hoton, a bayan wata mata mai laima. Hannunsa ɗaya cikin hannun dogon Basinen nan, ɗaya riƙe da 'yar ƙaramar tuta. Yana dariya, irin dariyar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Kun san mu. Namiji ya riƙe hannun namiji suna tafiya ba komai ba ne a wurinmu, abota ce. Da ban yi bayanin nan ba, da an ga hoton an ce ga wane da laoban ɗinsa a wurin bikin Sinawa. Ni na ba hoton ma'ana da bakina.

Wani dattijo sa'ana, mai sayen tayil, ya so ya buɗe wa abokina ƙofar fita. Ya ce, "Alhaji, kai ka ga irin wannan a ƙasashe. Wanda ya tsaya kallo kawai, shi ma suna ba shi tutar?"

Amsar gaskiya ita ce e. A Faris wata yarinya ta cusa mini irinta a hannu, na jefa a kwandon shara. Da na faɗi haka, da an ce to ai shi ke nan, shi ma ɗan Maraɗi a wurin yake. Amma na ga idanu suna tashi daga rigar da ke cikin hoton suna sauka a kaina. Rigata ce a jikinsa. A ɗakina ya yi wata huɗu. Shi ya yi jinyata. Na ji lissafin da ake yi a zukata tun kafin a gama shi. Sai na cire tabarau na ce, "Allah ne masani."

Da muka sauko, ɗan Maraɗi ya tare ni a ƙofar lif. Ya ce, "Alhaji, ni ban son alhakin mutum. Hoton na cikin kyamara, ban ba kowa ba. Kai ne babba. In ka ce a bar magana, sai in goge shi."

Na ce masa mu ga Juma'a.

Ya gane abin da nake nufi, don muna da wata al'ada a can. Ba mu da alƙali, ba mu kai ƙarar junanmu wurin 'yan sandan Sin. In aka zargi mutum da wani abu, sai a zuba ido ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng. In wani babba ya je ya tsaya kusa da shi a sahu, kafaɗa da kafaɗa, bayan sallama kuma ya kama hannunsa suka fito tare, to an binne maganar. Ba wai an wanke shi ba ne. Ana nufin wannan namu ne, kada labarin ya haye ruwa ya isa gida. Ni kaina na yi wa mutum biyu haka, ɗaya ma na tabbata ya canja kayan mutane a kwantena.

Ranar Laraba da la'asar abokina ya zo ofishina. Ya gaishe ni a tsugune kamar kullum, ya tambayi gefen da aka yi mini aiki. Na rufe ƙofa.

Na ce, "Me ya kai ka?"

"Hatimi na je bugawa, Baba."

"Ba shi nake tambaya ba."

Ya ce, "Kallo muka tsaya yi. Sai na ga ɗan sanda ya ɗaga hannu ya tsayar da bas mai hawa biyu domin su wuce. Baba, a Kano in na ga 'yan Hisba sai in canja lungu. A nan in na ga ɗan sanda sai in shige shago in yi kamar ina ciniki. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa ganin mai kaki ya tsayar da mota saboda irina ba. Ban san lokacin da na sauka daga gefen titi ba. Ko minti ashirin ban yi ba."

"Ka san abin da addini ya ce."

"Na sani. Na fi ka kwana da shi."

Sai ya ci gaba. Ya ce ba ya neman in ce abin da yake yi daidai ne, ba ya neman in yi wa kowa ƙarya. Ya ce mahaifiyarsa na da hawan jini, 'yarsa kuma tana aji biyar a sakandare, a unguwar da kowa ya san kowa. In hoton ya isa Kano ba shi da gidan komawa, su kuma ba su da fuskar fita.

"Jibi ka tsaya kusa da ni. Shi ke nan abin da nake roƙo. Raka'a biyu."

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ya dube ni. Ya san yadda muke amfani da wannan kalmar in ba mu so mu ce e. Amma ya yi godiya, ya tashi.

Juma'ar ana yayyafi, da sanyin nan na can mai shiga ƙashi. Masallacin tsoho ne ƙwarai, da hasumiya fara mai kama da fitilar jiragen ruwa, kuma ranar Juma'a ba ya ɗaukar jama'a, sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Sinawa Musulmi, Larabawa, 'yan Pakistan, da mu. Mutanenmu suna da gefen da suka saba taruwa. Ina shiga na hango shi a can, cikin farar riga, bai sa ta fatar ba. A damansa akwai wurin mutum ɗaya babu kowa, a hagunsa ma haka, a cikin masallacin da ake matsatsi har a bakin ƙofa. Mai wayoyi ya waiwayo ya gan ni. Mai tayil ya gan ni. Ɗan Maraɗi yana sahun baya, ya ɗan matsa don ya ba ni hanya.

Tsakanina da wurin bai fi taku goma sha biyar ba. Na sunkuya cire takalmi. Takalmin silifa ne, ba shi da igiya ba shi da maɓalli, amma na daɗe a kansa. Na ɗauke shi na sa a kantar takalma, na ga kamar ruwa zai taɓa shi, na canja masa wuri. Ina nan ina gyaran takalmi aka tayar da iƙama. Sai na shige sahun da ya fi kusa da ni, tsakanin wasu Larabawa biyu da ban sani ba.

Daga inda nake ina ganin bayansa. Wani tsohon Basine mai farar hula ya zo a makare yana neman wuri, ya ga giɓi, ya shige damansa. Da ya ga hagu ma a buɗe, sai ya miƙa hannu ta bayan abokina ya jawo hannun rigar na kusa, yana ɗan faɗa da harshensu, a rufe sahu. Wanda aka jawo ya ƙi motsi. Tsohon ya girgiza kai, ya manna kafaɗarsa da ta abokina, ya yi kabbara.

Bayan sallama abokina ya gaisa da tsohon hannu biyu. Ya bi ta gabana zai fita, ya ce, "Barka da Juma'a, Baba." Ya wuce. Bai tsaya in amsa ba.

Kafin magariba hoton ya bar kyamara ya shiga wayoyi. Ɗan Maraɗi ya rantse mini aron kyamarar aka yi don a ga laima, kuma na yarda da shi. Cikin mako biyu masu shagunan Kano suka janye odarsu. Ba wanda zai haɗa kaya da shi a kwantena, ba wanda zai sa hannu a tire ɗaya da shi. Yayyensa suka kira shi suka ce kada ya kuskura ya zo, in ya zo su da kansu za su miƙa shi. Da bizarsa ta ƙare, sabunta ta sai an koma gida, shi kuwa ba gida. Ya zauna babu takarda, ya koma wata unguwa a hayin kogi inda ba a cika bincike ba. Dogon Basinen ya riƙe shi na wani lokaci, har iyayensa suka kira shi ƙauye suka yi masa aure. Can ma ba a bar irinsu ba, salon ne kawai daban: su ba su yi maka wa'azi, jika suke nema.

Sau ɗaya na ƙara ganinsa, a Shahe, bazarar da ta biyo baya. Yana ɗaure wa wasu 'yan Kamaru dila, ya rame. Na ce masa ya zo ofis mu yi magana. Ya ce, "To, Baba, in Allah ya yarda." Bai faɗa da gatse ba. Da ma da gatsen ya faɗa.

Ba a daɗe ba aka kama shi a wani samame. Ya yi watanni a tsare, aka sa shi a jirgi zuwa Legas. Bai taɓa hawa Arewa ba. Mahaifiyarsa ta rasu bai je ba, aka aurar da 'yarsa wani ya yi walicci. Na samu lambarsa sau biyu a wurin mutane, sau biyun ina ajiye ta har ta daina aiki.

Shekara uku da suka wuce na haɗu da ɗan Maraɗi a filin jirgin Yamai, shi ma ya yi furfura. Shi ya gaya mini abokina ya rasu a Agege, ciwon hanta, yana ɗinkin kayan yara a wani ɗan shago. Na tambaye shi wa ya yi masa salla. Ya ce, "Mutanen unguwa. Sahu uku, an ce. Ba su san shi ba, sun dai san yana zuwa masallaci."

Ni ba malami ba ne, kuma ban rubuta wannan don in canja wa kowa abin da ke cikin littafi ba. Na san abin da wasunku za su rubuto mini a ƙasa, na riga na faɗa wa kaina shi shekara da shekaru, bai sa na yi barci ba. Na ga ƙasashen da ake tsayar wa irinsu mota, na ga waɗanda ake ɗaure su, na ga waɗanda ake yin kamar babu su. In matasa suka tambaye ni ra'ayina kan macin nan da 'yancin da suke nema, nakan iya yin awa guda ina kwatanta Faris da Istanbul, har yanzu bakin bai mutu ba. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, mutum ɗaya tak na sani a cikinsu da sanin gaske, wanda ya zubar da fitsarina kwana goma sha ɗaya. Shi bai nemi doka a wurina ba, bai nemi tuta ba. Faɗin kafaɗa ɗaya ya nema na tsawon raka'a biyu, abin da na ba ɓarawon kwantena ban yi tunani sau biyu ba.

Yanzu a masallacin unguwarmu kujera ake ajiye mini a ƙarshen sahu saboda gwiwa. Duk Juma'a liman yakan waiwayo kafin kabbara ya ce a daidaita sahu, a rufe giɓi. Mutane su matsa, a haɗa ƙafafu. Ni ba na iya matsawa ko'ina. Sai in sunkuyar da kai, kuma kusan kullum abin da idona ke sauka a kai takalmina ne, a ƙarƙashin kujera, inda na ajiye shi da kyau.